Kafin Igiyar Guga Ta Motsa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga autata Rakiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Al'ada ce a ce ana fata takarda ta sami mutum lafiya, to ni na san lafiya lau kike, tunda ga ki can bakin murhu, ina jin muciyarki tana dukan tukunya ina wannan rubutu. Amma addu'a ba ta yin yawa. Allah Ya tsare ki a gida, Ya tsare ki a doguwar hanyar Yamai, Ya haɗa ki da direba mai haƙuri da maƙwabta nagari, Ya sa karatun aikin rediyon da kika samu ya zame miki alheri.

Kada ki yi wa baƙaƙen nan dariya. Na san kowane harafi ya kusa girman ƙwallon goruba, layi biyar sun cinye shafi. Kwana shida ke nan ina yin ta da hantsi a gindin bishiyar bedin tsakar gida, lokacin da haske ya fi ƙarfi, ke kuma kina tsammanin addu'o'i nake kwafewa. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. To naki babban yanzu ko akuyar gidan ba ya hangowa, sai ta yi kuka.

Ranar da muka dawo daga wurin likitan ido a Maradi, ni da ƙanena Baba Mamman, kin tare ni tun daga zaure. Kika ce, "Baba, mi likita ya ce?" Na ce da sauƙi. Kika tsaya kina kallona, sannan kika ce, "In idon nan bai warkewa, ba ni zuwa ko'ina hwa. Yamai ba ta gudu." Na ce ai na gaya miki da sauƙi, na wuce na nemi buta.

Ba da sauƙi ba ne, Auta. Zan gaya miki abin da ya ce duka kafin takardar nan ta ƙare, kuma zan roƙe ki ki tafi duk da haka. Sai dai ki bar ni in bi ta doguwar hanya, domin sai kin ji inda na koyo wannan halin na ɓoye ƙarshen magana za ki gane roƙona.

Kin tashi kin ji mutanen Agiye suna kirana Sani Ƙurunƙus. Gidan kallon da ya jawo mini sunan ba ki san shi sosai ba, kina rarrafe waya ta fara kashe masa kasuwa, yau harawar wake ake tarawa a wurin. Rumfa ce ta zana da tsohon kwano a bayan kasuwa, benci tara, tele a kan tano, wato ganga, injin wuta a bayan katanga yana tari. Da rana muke kallo, tsakanin Azahar da Magariba ranar kasuwa, saboda yawancin masu zuwa mutanen ƙauye ne da za su koma gida kafin duhu. Rana kan ratso ta hujojin zana ta zuba a kan huluna da kafaɗu ɗigo-ɗigo, kamar an watsa gero. Kwanakin nan da idona ya dusashe, wannan hasken nake yawan gani ko ban rufe ido ba. Sai in ji ƙamshin gyaɗa soyayya da zufar mutane, in ji benci na ƙara, in juya, ashe ni kaɗai ne a gindin bedi.

Finafinan da Faransanci suke zuwa, ni kuma na yi lakol, makarantar boko, har na ɗan taɓa kwalej, don haka ni ne bakin tele. Nakan tsaya a gefe da karan dawa a hannu ina fassara. Sunayen Turawan ba sa zama a bakin mutane, sai na raɗa masu namu. Duk mai gemu Tanko ne, matarsa Delu, wawan da za a fara cinyewa kuwa kullum Ɗanbaba. Mun gwada na faɗa, mun gwada na rawa, amma babu abin da ke cika rumfar nan kamar na tsoro. Za ki ga ƙato, wanda shi kaɗai ke kayar da bijimi, ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa yana ihu, "Ke Delu, kak ki buɗe! Kak ki buɗe, don Allah!" Delu kuwa sai ta buɗe. A lokacin ina jin babu sarkin da ya kai ni, kuma daga nan kuskurena na farko ya tsiro.

Kin san halin finafinan nan. An kashe abin, an rungumi juna, kiɗa ya yi sanyi, gari ya waye. Sai a numfashin ƙarshe su nuna miki wani ɗan abu da ke cewa tsugune ba ta ƙare ba. Ni kuwa tatsuniyar kakata ta rene ni, inda kura ke shan kashinta a gama, a ce ƙurunƙus kan kusu, kowa ya tashi da zuciya wasai. Nakan kalli kowane kaset ni kaɗai da safe kafin in nuna shi, don haka na san daidai inda wutsiyar take. Nakan tuna mutanen da za su bi siririyar hanya cikin gero mai tsawon mutum, rana na faɗuwa, ganye na shafar wuyansu. Sai in aza babban yatsana a kan maɓalli. Da an rungumi juna sai in danna, in ɗaga kara sama in ce, "Ƙurunƙus!" Rumfa ta ɗauki tafi, a watse ana dariya.

Akwai wani da aka fi so, na wani abu da ke zaune cikin tsohuwar rijiya a gonar su Tanko. Ba a taɓa nuna shi sosai ba, sai dai a ga ruwa ya yi kumfa, a nemi mutum a rasa. Daga ƙarshe Tanko ya cika rijiyar da duwatsu, ya kwashi iyalinsa a mota suka tafi. A nan nake dannawa. Abin da ke biye shi ne, bayan ƙurar motar ta lafa, sai a dawo kan bakin rijiya, igiyar guga tana rataye shiru. Sai ta motsa. Sai ta fara zamewa ƙasa a hankali, kamar wani na ja. Na nuna fim ɗin nan ya fi a ƙirga, ba wanda ya taɓa ganin igiyar sai ni.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan damina biyu sai ga kashi na biyu ya iso, labari ya riga ni shiga kasuwa, mutane suka ce sai an sa. Ranar na makara wajen gyaran inji, ban samu na duba shi ni kaɗai ba. Ina dannawa, abin da ya fara fitowa shi ne wancan ƙarshen da nake yankewa: motar Tanko, ƙura, igiya.

A bencin gaba akwai wani dattijo, Labo mai kanwa, Bagobiri daga wajen Gidan Rumji, wanda ke yawon kasuwanni da buhunansa, kuma bai taɓa fashin kallo ba. Ya ɗaga sandarsa ya ce, "Sani, tsaya. Wagga igiya ba mu gan ta ba wancan karo. Ba kai kac ce muna ƙurunƙus ba?"

Na ce, "Baba Labo, ai wancan ya mutu. Wanga ƙanenshi ne."

Aka fashe da dariya, na tsira. Da aka watse sai ya ƙi tashi. Ina naɗe waya ya ce, "Ɗana, zo nan. Ɗiyana ukku na sa cikin ƙasa da hannuna. Kai kaz zaɓa mini abin da zuciyata ka iya ɗauka? Akuya ka ba mu, ka riƙe wutsiya." Bai ɗaga murya ba. Ya dafa sandarsa ya fita, ni kuma na ce a raina tsofaffi da neman magana.

Ga nasihata ta farko. Za ki zauna gaban abin magana wata rana, mutanen da ba ki gani suna sauraronki a gona da kan amalanke. Kada ki raina zuciyarsu. Tausayin da ke yanke wa mutum rabin labari ba tare da ya sani ba, raini ne ya sa rigar tausayi. In abu ya yi nauyi, ki ce masu yana da nauyi, wanda zai kau da kai ya kau da kansa. Kuma kada ki yanke wa fim hukunci sai kin ga ƙarshensa, ko da ya gundure ki tun daga tsakiya. Shi kuwa kashi na biyu, ɗumame ne. Akwai ɗumamen da ya fi tuwon jiya daɗi, akwai wanda ruwa kawai aka ƙara wa miya. Ki tambaya, shin akwai maganar da ta rage masu ne, ko tukunyar ce ba sa son saukewa? Na rijiyar nan ruwa aka ƙara, don sun fito da abin fili kowa ya gan shi, ashe bai fi tsohon buzun salla ban tsoro ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, kuma har yau in na ji warin daddawa sai ya dawo mini.

Lokacin kaset ya wuce, an koma faifai. Aka kawo wani fim na wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a bakin daji, yaran gari suna ta ciwo. Sunan da suka kira ta da shi a Faransanci yana iya zama boka, yana iya zama mai tsibbu, kowanne na ɗauka ya yi. Amma na san kalmar da za ta tayar da tsigar jikin rumfa, sai na ce mayya. Na ji benci ya amsa. Daɗin baki ya ɗebe ni na ƙara da cewa, "Ku dubi jan ido, sai ka ce mai dahuwar daddawa!" Aka yi dariya. Mai dahuwar daddawa ɗaya ce a unguwarmu, Iya Tabawa, gwauruwa, wadda hayaƙin shekara da shekaru ya rine wa ido.

Ban san ta wace ƙofa maganar ta fita ba. Daminar ta zo da zazzaɓi kamar kowace damina, yara suka kwanta. Sai aka fara ratse ƙofar Tabawa. Mata suka daina aika sayen daddawarta, in ta nufo rijiya a ja goyo a juya baya. Ba wanda ya faɗi kalmar a gabanta, amma kowa ya san tana yawo.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin yana hannuna. A kan wannan faifan akwai wani ɗan guntun fim na bayani, irin wanda kike kira dokimanter, inda aka nuna yadda aka shirya na tsoron. Na kalle shi ni kaɗai baki buɗe. Ashe tsohuwar nan budurwa ce mai fara'a, fuskar roba ake manna mata tun da safe, ga ta zaune da rabin fuskar tsufa tana shan shayi tana ƙyalƙyala dariya. Jan idon wani ɗan abu ne ake sa mata a ido. Ƙarar karyewar ƙashi kuwa wani mutum ne mai tumbi yake karya ganyen miya a gaban abin ɗaukar murya. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamarsa ba, kuma na ɓoye shi. Na ji tsoron in mutane suka ga ɗinkin rigar dodo, rumfata za ta rasa kwarjini, ni ma haka.

Innarki Salamatu, Allah Ya jiƙanta, ta san da shi, don na nuna mata. Ta ce, "Malam, ka sa masu wanga su gani, ka ce bakinka ne ya zarce. Matar nan ba ta da kowa nan garin." Na ce sai kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta zo na ce sai ta gaba. Kafin ta gaban, wata safiya na ga amalanke a ƙofar Tabawa, an ɗaure tukwanenta da igiya, za ta koma wurin 'yarta a Gidan Sori. Ta hango ni tsaye, ta ɗago hannu ta ce, "Sani, mu yahi juna." Ita ce ta nemi gafarata, Auta. Na sa guntun fim ɗin a kasuwar da ta biyo, aka yi ta dariya ana cewa kai Bature da dabara, ba wanda ya tuna da mai daddawa.

Sai bayan shekaru na yi ƙarfin halin zuwa Gidan Sori. Na same ta a inuwar rumbu, kunnenta ya toshe sam. Na durƙusa na faɗi duk abin da na zo da shi, tana murmushi tana gyaɗa kai, ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Da zan tafi ta ƙulle mini daddawa a tsumma, ta ce in kai wa Salamatu.

Magana zarar bunu ce. In kalma biyu suka zo bakinki, ɗaya daidai, ɗaya mai sa a yi tafi, ki ɗauki ta daidai ko da za a ce shirinki lami ne. Ki soki aiki yadda kike so, ki ce labarin ya yi rauni, ki ce an cika ihu, amma kada ki aro fuskar mai rai ki yi misali da ita. Kuma duk inda kika sami abin da ke nuna yadda aka ƙera tsoro, ki kai wa mutane da gudu. Wanda ya taɓa ganin dodo na shan shayi ba ya saurin nuna maƙwabciyarsa da yatsa. In kin gano kin yi kuskure, ki gyara ranar, tun mai jin yana ji.

Za ki ce wanda ya sha waɗannan biyun ai ya warke. Hali zanen dutse. Na ukun kin san shi, don a kanki ya faɗa, amma ban taɓa buɗe baki na faɗe shi ba, yau zan faɗa.

Kina lise, babbar sakandare, a Maradi, saura mako uku ki zauna babbar jarrabawa, ciwon innarki ya tsananta. Likita ya ja ni gefe ya ce a mayar da ita gida, a yi ta addu'a, kwanaki ne. Ranar kasuwa da La'asar kika kira. Tana kwance ta ji muryarki, ta miƙo hannu tana son wayar. Na yi kamar ban gani ba, na fita zaure. Kika ce, "Baba, yaya jikin Inna? In taho?" Na ce, "Da sauƙi. Har ta sha kunu. Ki yi karatunki."

Ta sha kunun kuwa, cokali biyu. Haka nake yi, ba na ƙirƙiro abin da babu, dannawa kawai nake yi kafin igiya ta motsa. Kalmar nan tamu ta "da sauƙi" kalma ce mai kyau, ba na zaginta. Addu'a ce, ita muke ba mai gaisuwa a bakin hanya ko da majinyaci na kan gargara, kuma mai gaisuwar ya san abin da ake nufi. Amma ke ba gaisuwa kike yi ba. Tambaya kika yi, 'ya ga ubanta, ko ki taho. Na ɗauki amsar 'yan gaisuwa na ba ki.

Ta cika ranar Alhamis da hantsi. Kafin motar Maradi ta sauke ki, mun dawo daga maƙabarta. Kika shigo da jakarki a kafaɗa, kika ga tabarmi a shimfiɗe har waje, kika zo gabana kika tsaya. Ba ki yi ihu ba. Kika ce, "Baba, ka ce da sauƙi hwa." Ba ki sake tayar da maganar ba har yau, kuma da kin zage ni da ya fi mini sauƙi. Jarrabawar da na ce ina kare miki ma ba ki zauna ta ba sai shekarar da ta biyo. Na hana ki muryar uwarki ta ƙarshe, na hana ta taki. Ki yafe mini, Rakiya. Na yi shekaru ina neman bakin da zan faɗi wannan da shi.

Bayan kin dawo gida ne muka fara zaman nan namu na bayan La'asar. Ki turo sababbin finafinai a waya, ki jingina ta da turmi, mu zauna a tabarma ɗaya. Ban taɓa jin daɗin kallo kamar wannan ba, ko a zamanin benci tara. Na yanzu sun fi namu kyan hoto, amma yawancinsu ba su da haƙuri. Jini kamar an kifar da tulun zoɓo, kashi na huɗu, kashi na biyar, abin da aka ƙone bara ya dawo bana da sabuwar riga. Sai jefi-jefi a sami na kirki, irin wancan da komai ya faru da rana tsaka a gidan da aka yi rasuwa, ba dodo ba jini, sai kujera guda da kowa ke kewayewa. Ranar ba mu yi gardama ba. Ina jin ki daga baya kina ɗaukar muryarki kina tura wa ƙawayenki, kina cewa wanga fim ba tsoro yake nufi ba, kewa yake nufi. A ranar na san rediyo ce wurinki.

Na daɗe ina mamakin wani halinki. Fim ya ƙare, baƙin allo ya fito, sunaye suna ta hawa, ni na fara neman takalmi, ke kuwa ki riƙe wayar sai sunan ƙarshe ya wuce. Nakan ce ko akwai ɗan'uwanki a ciki ne? Sai kwanan nan na gane wanda ya koya miki rashin yarda da ƙarshen da aka ba ki.

Da idona ya fara janyewa, kawai sai kika karɓi aikina. "Baba, yanzu ta waiga. Ba kowa bayanta. A'a, tsaya, labule shina motsi." Kin fi ni iyawa nesa ba kusa ba, ba kya ƙara gishiri, ba kya rage komai. Kuma ga wata kyauta da ciwon ya ba ni, ki tafi da ita. Da kunne ake gane fim ɗin tsoro na gaskiya. Malalaci shi ne mai sa ki zabura da ƙara, kamar an yar da kwano a bayanki, wannan ko jariri ya iya. Gwani kuwa shiru yake yi, ya bar ki da takun ƙafa ɗaya da kukan ƙofa, har ki ji numfashinki. Duk fim ɗin da za ki yi magana a kansa, ki kalle shi sau ɗaya da ido, ki sake sauraronsa ido rufe. Abin da ya rage a na biyun shi ne nauyinsa.

To, ga abin da likita ya ce. Ya ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi ya daɗe yana danne jijiya, ba yana ba ce da za a kankare. Na hagu ya tafi. Na dama saura tsakiyarsa, ina gani kamar mai leƙe ta hujin zana, kuma hujin na ƙara tsukewa. Maganin da nake ɗigawa safe da yamma yana rage masa gudu, amma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na tambaye shi saura damina nawa, ya ce wannan sai Allah. Iyakar maganarsa ke nan, ban riƙe ko wutsiya ba.

Ina jin tsoro, Auta, ba zan ɓoye ba. Ni da na yi rabin rayuwata ina sayar da tsoro, ban san kamanninsa ba sai yanzu. Zan yi kewarki fiye da yadda zan yi kewar hasken. Amma zamanki ba zai buɗe hujin nan ko da faɗin ƙwayar gero ba. Katanga ɗaya ce tsakanina da Baba Mamman, matarsa ta riga ta ce tukunyarsu ta ƙaru da mutum ɗaya. Yayarki Hajara na nan Gazawa, ta ce duk kasuwa za ta shigo. Hanyar masallaci ƙafata ta haddace ta tun kafin a haife ki. In kika zauna, idon zai tafi, karatun ma ya tafi, in zama na cinye miki abu na biyu. In kika tafi, kunnena garau yake. Ina so wata rana da La'asar in murɗa rediyo a gindin bedin nan in ji 'yata tana gaya wa ƙasa duka gaskiyar abin da ta gani.

Saura abu ɗaya. Da na fara rubutun nan, niyyata in cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin ƙuliƙuli, yadda ba za ki gan ta ba sai kin sauka Yamai, kin wuce Gidan Rumji da nisa, komowa ta yi wuya. Na ma yaba wa kaina da dabara. Jiya da Azahar barci ya ɗauke ni a nan kan tabarma, sai ga ni a rumfa. Haske na zuba ta zana, injin ba ya ƙara ko kaɗan. Benci duk babu kowa sai na baya, Labo da sandarsa, Tabawa da ƙullinta a cinya, innarki a tsakiyarsu da zanen nan nata shuɗi. Motar Tanko ta tafi, ƙura na lafawa, yatsana na kan maɓalli. Innarki ta ce, a hankali yadda takan yi in ba ta son yara su ji, "Malam, bar shi ya ƙare."

Don haka yau zan ba ki ita hannu da hannu, saura kwana huɗu motarki ta tashi. Kin ji duka, zaɓi naki ne. Na faɗi abin da nake so, amma ba zan sake zaɓar miki ba.

Allah Ya yi miki albarka, Ya jiƙan innarki, Ya yafe mana abin da muka yi wa bayinSa da saninmu da rashin saninmu. Allah Ya kiyaye fitarki da shigarki, Ya tsare idonki da harshenki, Ya sa duk inda kika sa ƙafa ki tarar da mai cewa sannu da zuwa. Amin.

In kin sauke tukunyar, ki wanke hannu ki zo gindin bedi. Ki karanta mini ita da ƙarfi tun daga bisimilla har sunana, kada ki tsallake komai, don ni kaina shafukan farko sun fi ƙarfin idona yanzu. In kin gama, ki sake yi mini tambayar nan ta zaure.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani. Sauran sunan na ajiye shi.